Shekara Tara Bayan Sagir Mai Littattafan Yaƙi

Da daminar bana Sagir ya cika shekara tara da rasuwa. Abokina ne tun muna firamare a ƙauyenmu da ke kan hanyar Watari, daga baya kuma ya auri ƙanwata Hasiya. Waɗanda suka yi zamanin hayar littattafai a shaguna wataƙila su tuna shi, don ya rubuta littattafan yaƙi, irin na sarakuna da sadaukai da bokaye da aljanu, ko da yake bai yi sunan da wasu suka yi ba. Ainihin sana'arsa noma ce: gero da dawa da wake da damina, tumatir da albasa da rani a bakin dam. Rubutu kuwa sai in rana ta take tsaka ta hana shi aiki, ya nemi inuwa a gefen gona ya ɗora takarda a cinya.

Littattafansa na farko duk ginshiƙinsu ɗaya ne. Boka ya duba ya faɗi abin da zai faru, wanda aka faɗa wa ya tashi haiƙan don ya hana, ƙoƙarin hanawar kuma shi ke jawo abin. A na farkon, an gaya wa sarkin wani birni mai ƙofofin tagulla cewa ɗan masunci ne zai raba shi da mulki. Sarki ya sa aka ƙone kwale-kwale, aka kori masunta zuwa daji. A dajin ne yaron ya koyi harbi, a can kuma ya haɗu da aljanun da suka ba shi takobi. Da an bar su a bakin koginsu, da yaron ya tsufa yana ɗinkin komar kamun kifi. Samari sun so wannan littafi. Na sha ganin su a bakin kasuwa, ɗaya yana karantawa, saura sun kewaye shi sun yi tsit.

Na taɓa tambayarsa me ya sa bokansa ba ya kuskure ko sau ɗaya, alhali a shafin farko shi da kansa yake rubuta cewa boka maƙaryaci ne, Allah kaɗai ya san gaibu. Ya yi dariya ya ce, "Tijjani, bokan ai ni ne. Yaya za a yi ya yi kuskure, alƙalamin yana hannuna?" Sannan ya ce mai karatu yana jin daɗin a gaya masa ƙarshen labari tun farko, ya zauna yana kallon mutum yana sheƙa gudu zuwa ga abin da yake zaton ya guje masa. A lokacin muna samari, babu wanda ya taɓa cikawa a hannunmu. Ƙaddara a wajenmu gishirin labari ce kawai.

Sai maganar aurensa da Hasiya ta taso. Sun daɗe suna son juna, iyaye sun amince, babu mai ja. Amma muna da wata gwaggo, Gwaggo Asabe, ungozoma ce a asibiti, kuma ita ta yi jinyar wani ƙanenmu da ciwon sikila ya kashe yana ƙarami. Ta kafe sai an gwada jininsu. A wancan lokacin mutane ba su saba da wannan ba, wasu ma cin fuska suka ɗauke shi. Ni na raka su birni aka gwada. Likitan ya zaunar da su ya yi musu bayani da Hausa, babu ɓoye-ɓoye. Su biyun lafiyarsu ƙalau, amma kowannensu yana ɗauke da ƙwayar ciwon. Duk cikin da Hasiya za ta ɗauka, akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu ya zo da sikila. Ya ce shawararsa su haƙura da juna, amma shi ba shi da ikon hana su.

A mota muna dawowa muka bi ta Bacirawa, wadda a lokacin gonakinta sun fi gidajenta yawa. Can Sagir ya ce, "Ɗaya ya ce cikin huɗu. Ukun fa?" Hasiya ta ja mayafi ta rufe fuska, na kasa gane ko kuka take ko murmushi. Na gaya masa ra'ayina a ranar, na kuma maimaita masa daga baya: da za a bi tawa, a fasa. Dattawa suka ce lafiya da cuta na Allah ne, ba likita ke raba su ba. Gwaggo Asabe ta ce ita ma ta san Allah, kuma shi ne ya ba likitan ilimin. Ba ta zo bikin ba. Ni na zo, ni ne ma babban aboki.

Haihuwar fari mace ce, Ummi, lafiyayya sumul. Na biyu Kabiru. Bai cika shekara ba hannuwansa da ƙafafunsa suka fara kumbura, yana tsala kuka in an taɓa shi. Wanda bai taɓa zama kusa da yaro mai sikila ba a lokacin da ciwon ya tashi, ba zai gane ba ko na bayyana masa. Yaro yana cewa ana sara masa ƙashi da gatari, kai kuma kana riƙe da shi, babu jini, babu rauni, babu inda za ka danna ka ce nan ne. In sanyi ya shigo, ko ruwan sama ya taɓa shi, sai asibiti. Ba sau ɗaya ba tumatir ya nuna ya ruɓe a gonar Sagir shi yana can bakin gadon ɗansa. Ana cikin haka aka haifi Safiya, ita ma da ciwon. Daga kanta suka tsaya. Kabiru ya rasu yana ɗan shekara takwas, a kan babur za a kai shi asibiti, tsakanin mahaifinsa da mai tuƙi, tun ba su kai bakin titi ba.

Abin da ya fi ci wa Sagir rai a zaman makoki shi ne gaisuwar mutane. Kowa ya zo sai ya ce ƙaddara ce, haka Allah ya rubuta. Yana amsawa, don ya yi imani da hakan, mutum ne da bai taɓa wasa da salla ba. Amma da jama'a suka watse muka rage mu biyu a zaure, sai ya ce da ni, "Sarkin da ke littafina gudu ya yi abin ya cim masa. Ni an gaya mini, na taka da ƙafata na je. Wane suna za a ba wannan?" Ba ranar tuna masa abin da na taɓa faɗa ba ce.

Ya daɗe bai rubuta komai ba. Da ya dawo, littafin da ya fitar daban yake da na baya. Labarin wani maƙeri ne da ya je wajen wata tsohuwar aljana mai zama a cikin rijiya, wadda take ganin abin da ke gaba a fuskar ruwa. Ya tambaye ta game da wata mace daga mutanen kogi da yake so ya aura. Ta ce in ya aure ta, 'ya'yansu za su riƙa zama dutse a hankali, daga yatsu har zuwa ƙirji. Ya aure ta. Ranar da ɗansa ya gama daskarewa, maƙerin ya ɗauki guduma ya koma rijiyar. Masu karatu sun zaci yaƙi za a gwabza, sai ga shafuka sun cika da gardama. Maƙerin ya ce da ba ta faɗa masa ba, da abin ya zo masa a matsayin ƙaddara, ya yi kuka ya haƙura kamar kowa; faɗar da ta yi ce ta mayar da shi mai laifi. Aljanar ta ce ita gani ta yi, ba tura shi ta yi ba. Ya tambaye ta, a cikin ruwan nan ta ga ya aura ne ko ta ga ya fasa? Ta ce ta ga ya aura. Ya ce ashe ke nan babu ranar da zai iya fasawa. Ta ce kullum yana iyawa, ita dai ta ga bai yi ba. A nan littafin ya ƙare. Maƙerin yana zaune a bakin rijiya da guduma a hannu, bai kashe ta ba, bai kuma koma gida ba.

Littafin bai karɓu ba. Mai shagon da ke sayar masa a birni ya ce samari suna ƙorafi, babu yaƙi, babu ƙarshe. Wasu suka kai maganar wajen limamin garinmu, wai Sagir yana ja da ƙaddara. Liman, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai sanyin hali. Ya sa aka karanta masa littafin tun daga farko, sannan ya aika aka kira Sagir, ni ma ina wurin. Ya ce bai ga kafirci a ciki ba. Malamai sun daɗe da bayanin cewa sanin da Allah ya yi wa abu ba tilastawa ba ne, bawa yana da zaɓi kuma za a tambaye shi a kansa. "Amma Sagir," in ji shi, "wannan ba labari ba ne, ciwonka ne ka buga ka kai kasuwa. In kana ganin ka yi kuskure ka nemi gafara, ka daina yanke wa kanka hukuncin da ba kai ne mai yanke shi ba." Sagir ya yi godiya. A hanya ya ce mini liman ya fi duk masu karatunsa gane littafin, amma maƙerin dai yana nan zaune inda ya bar shi.

Hasiya ma ta karanta. Da ta gama ta ajiye, abin da kawai ta ce masa shi ne, "Matar kogin fa? Ai ita ma ta ji abin da aljanar ta faɗa. Me ya sa ba ka bar ta ta yi magana ba?" Ya gaya mini cewa duk sukar da aka yi wa littafin babu wadda ta shige shi kamar wannan. Ya cika shafuka yana tuhumar kansa shi kaɗai, ya manta su biyu ne suka zauna a gaban likita, kuma su biyu suka binne ɗa.

Daga nan bai ƙara buga littafi ba. Labaransa suka koma na mutum ɗaya, Safiya. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Uwata yake ce mata. In ciwo ya tashi aka kwantar da ita, aka ɗaura mata ruwa, allura ta kasa kashe zafin, sai ya ja kujera ya fara ba ta labarin wata yarinya 'yar mafarauci. Ya lura in ya bar ta tana sauraro kawai, ciwon yana janye hankalinta, saboda haka ya riƙa tsayawa yana tambayarta. Ga hanya ta rabu biyu, ɗaya ta bi ta kogon kuraye, ɗaya ta bi ta kasuwar aljanu, wacce za a bi? Sai ta cije leɓe ta zaɓa. Wata rana bayan la'asar na je duba ta, tana 'yar shekara goma, idanunta sun yi ɗorawa, na tarar suna 'yar rigima.

"Baba, wayo kake yi mini," ta ce. "Jiya na zaɓi kogo, ka kai ni gidan dodo. Yau na zaɓi kasuwa, ka sake kai ni gidan dodo."

Ya ce, "Ai dodon ne ƙarshen labarin, Uwata."

"To me ya sa kake tambayata?"

Na ga fuskarsa ta sauya. Sannan ya ce ta yi gaskiya, daga yau duk inda ta nufa nan za a je, ko da shi bai san abin da ke can ba. Kuma ya cika alkawari. Labaran suka rasa tsari. 'Yar mafarauci ta riƙa yawo, wani lokaci ta ƙi yaƙin gaba ɗaya ta zauna sayar da fura a kasuwar aljanu. Ya ce mini bai taɓa shan wahalar labari irin wannan ba, bai kuma taɓa jin mutanen cikin labari suna da rai kamar wannan karon ba. Amma da muka fito waje inda ba za ta ji ba, sai ya ƙara da cewa dodon yana nan dai, ko an je yau ko an je gobe.

Duk tsawon shekarun nan, mutuwar da gidan yake tsoro ta Safiya ce. Kowane sanyi, kowace damina, da fargabarta ake shiga. Sagir kuwa ƙato ne, ban da zazzaɓi ban taɓa ganin ya kwanta ciwo ba. Shekarar da ruwa ya malale cikin rijiyoyi, amai da gudawa ya shigo ƙauyukanmu, Sagir ya je taya haƙar kabarin wani maƙwabci da safe, ya dawo da yamma yana riƙe da ciki. Washegari aka binne shi. Babu likitan da ya taɓa yi masa gargaɗin wannan, babu gwajin da ya nuna shi. Safiya ce, wadda kowa ya gama yanke cewa kwananta kaɗan ne, ta zauna kusa da mahaifiyarta a tsakar gida suna amsa gaisuwa.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Shagunan haya sun rufe, labarai sun koma cikin waya, wasu ana karanta su da murya, wasu finafinan ƙasashen waje ne da aka ɗora musu Hausa. Ni malamin makaranta ne a Bacirawa, ina jin ɗalibaina suna ba juna labarinsu. Kusan kullum yaro ne da aka haifa da wata alama a jiki, tun kafin a haife shi an zaɓe shi, duk wanda ya raina shi sai ya durƙusa masa a ƙarshe. Ina jin Sagir zai ce sun koma inda shi ya fara. Ba na jin zai zarge su. Yaron da aka yanka gonar ubansa aka sayar filaye, yayyensa suka gama makaranta suna zaune, dole ya so a gaya masa cewa akwai inda aka rubuta zai zama wani abu. Irin wannan labarin yana da daɗi don babu nauyin da yake ɗora wa kowa. Jarumin bai zaɓa ba, saboda haka ba ya nadama. Sagir ya gane cewa labarin da ya fi kama da rayuwa shi ne wanda aka sanar da mutum wani ɓangare na abin da ke gaba, aka ɓoye masa saura, sannan aka ce ya yanke shawara. Ya kuma gane cewa irin wannan ba ya sayuwa.

Abin da na fi so in ji ta bakinsa a kai shi ne gwaji. Yanzu a wurare da yawa ba a ɗaura aure sai an nuna sakamakon gwajin jini. Abin da Gwaggo Asabe ta yi ta faɗa ita kaɗai har aka ce ta cika tsaurin ido, yau a kan mumbari ake faɗarsa. Ni ina goyon baya, don na ga Kabiru. Ina jin Sagir ma zai goyi baya. Amma na san ba zai faɗe shi da sauƙi ba, don da an hana shi a lokacin, da babu Ummi, babu kuma Uwatarsa.

Safiya yanzu ta haura ashirin. Ciwon ya ci mata ƙugu, tana ɗingishi, ɗinki take yi a gida. Bara wani yaro mai suna Auwalu, wanda ke haɗa wa manoman rani injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, ya fito neman aurenta. Ya san halin da take ciki, ya sha zaryar asibiti a kanta, ita ma tana sonsa. Aka yi gwaji, ya zama yana ɗauke da ƙwayar. Shi da ita kuwa, in ji likita, rabi da rabi ne. Wasu daga danginsa da namu suka ce a yi tawakkali, ai iyayenta ma haka suka yi, ga ta nan da ranta. Auwalu ya ce ya yarda su zauna ko babu haihuwa. Ita ba ta yarda dangi za su bar su a haka ba. Ta zo ta same ni har gida.

"Kawu, ba na jin haushin Baba ko kaɗan," ta ce. "Da ya ji maganarka da babu ni, kuma duk da haka ina son raina. Amma shi daga waje ya san ciwon nan. Ni daga ciki na san shi. Ba zan iya kallon yaro yana birgima ba, alhali na san ni na kawo shi."

Ta roƙe ni in je in gaya wa baffanninta a mayar wa Auwalu da kayan aurensa. Na je. Bayan nan ta kwanta asibiti kwanciyar da ba ta taɓa yin irinta ba tun rasuwar mahaifinta. Auwalu ya yi aure bayan babbar salla. Ban zo in ce ta fi mahaifinta daidai ba, ba ni da wannan ƙarfin halin. Shi ya zaɓa ya binne ɗa, ita ta zaɓa tana zaune ita kaɗai, kuma babu wanda ya gaya mata abin da ke gabanta.

In aka tambaye ni me ya rage na Sagir, ba zan ce littattafai ba. Gara ta cinye sauran da ke ɗakinsa, ni kaina kwafin da nake da shi shafukan ƙarshe sun zube. Abin da ya rage, a ganina, hali ne. Ya yi imani da ƙaddara har ya koma ga Allah, amma ya ƙi ya mayar da ita mafaka daga abin da ya aikata da saninsa. Mutane da yawa ɗaya suke ɗauka su yar da ɗaya don su samu sauƙi. Shi ya ɗauki biyun, nauyin ya sunkuyar da shi, ya kuma bar wa 'yarsa gadonsa. Ban sani ba ko in kira wannan alheri.

Ranar da ya cika shekara tara na je ƙauye muka yi masa addu'a. Na tarar da Hasiya a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Muka taɓa hira, sai bakina ya suɓuce na yi mata tambayar da ban taɓa yi ba. Na ce da za a mayar da ita baya, ta san duk abin da ta sani yanzu, za ta sake aurensa? Hannunta ya tsaya a cikin waken. Daga ɗaki ana jin ƙarar keken ɗinkin Safiya.

"Yaya," ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "in na ce zan sake, na ci amanar Kabiru. In na ce ba zan sake ba, ga ta can tana ji na." Ta ci gaba da tsintar wakenta. "Kada ka ƙara tambayata."

Ban ƙara ba. Allah ya jiƙan Sagir da Kabiru, ya sassauta wa waɗanda suka bari.